Tambaya da Amsa: Shayin na'a-na'a mai ƙanƙara, me yasa nawa yake ɗaci?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min yawancinsu akan abu ɗaya suke, shayin na'a-na'a mai ƙanƙara da ake haɗawa a gida, wata tace nata ɗaci yake, wata tace ya dagule mata, wani yace nasa salam yake kamar ruwa, toh sai naga gara in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Wanda bai ga tasa tambayar ba yayi haƙuri ya karanta har ƙasa, ina kyautata zaton zai tsinci amsarsa a cikin ta wani.

Tambaya: Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni amarya ce wata na huɗu da aure, maigidana yana son shayin na'a-na'a mai sanyi sosai, sau uku kenan ina gwadawa duk baya min kyau. Ina wanke ganyen in zuba a tukunya tare da ganyen shayi in barshi ya tafasa sosai kamar minti 20 dan ya fito da kyau, amma da ya huce sai yayi baƙi ƙirin, ga ɗaci ga bauri, ƙamshin ma babu sai wani wari na dafaffen ganye. Dan Allah Anti ina nake kuskure?

Amsa: Amin ƙanwata, Allah ya sanya albarka a auren, ya kuma bar ku tare. Kuskuren naki duk yana cikin wannan minti 20 ɗin, kuma ba ke kaɗai bace, nima haka na fara, na daɗe ina ɗora wa ganyen laifi ina cewa ba mai kyau nake samu ba, ashe wutar ce tayi yawa. Na'a-na'a ba a dafa ta, jiƙa ta ake yi, in kin riƙe wannan kin gama da rabin matsalar.

Ki ɗauki ganye ɗaya ki juya bayansa ki ɗaga shi saitin haske, in kina da gilashin nan mai ƙara girman abu zaki ga wasu ɗige-ɗige ƙanana masu ƙyalli, toh waɗannan 'yan jakunkuna ne na mai, kuma duk ƙamshin na'a-na'a a cikinsu yake. Man nan mai tashi ne, da zafi ya taɓa shi sai ya bi tururi. Kinga lokacin da tukunyar ke tafasa kicin ya cika da ƙamshi har wanda ke falo yana cewa me ake dafawa, wannan ƙamshin naki ne yake gudu, shi ya kamata ace yana cikin kofin maigida sai ya ƙare a iska, abinda ya rage a tukunyar dafaffen ganye ne kawai. Shi kuma baurin daga ganyen shayin yake, akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira tanin, shine ke sa ki ji harshenki ya ɗaure, a mintunan farko kaɗan yake fita amma in ganyen ya daɗe a ruwan zafi sai ya fito gaba ɗaya, kuma shayi in yayi sanyi baurinsa yafi fitowa fili.

Ga yadda nake yi, na lita 1. Na'a-na'a cikin hannu biyu, wato kamar kofi ɗaya in an ɗan danna, ki cire karan ƙasa masu kauri da duk ganyen da yayi rawaya ko baƙi, karan sama masu laushi ki barsu dan suma suna da ƙamshi. Wanki kuma ba a ƙarƙashin famfo kawai ba, ki cika roba da ruwa ki zuba ki ɗan kaɗa, sai ki tsamo ganyen da hannu ki bar ruwan, zaki ga yashi ya kwanta a ƙasa, ki maimaita sau biyu ko uku har ruwan ya dawo garau. Ki ɗora ruwa shi kaɗai, da ya tafasa ki sauke, ki bashi kamar minti 1 ya lafa, sannan ki saka shayi mai zare guda 3 ko 4, in na awo ne cokalin shayi 4, ki ɗan murza na'a-na'ar tsakanin tafukanki sau ɗaya kawai ki zuba, ki rufe ruf. Minti 4 na cika ki buɗe ki cire shayin, kar ki matse shi da cokali, ki maida murfin da sauri ki bar na'a-na'ar ta ƙara minti 6 zuwa 8. In kin zo buɗewa zaki ga ɗigon ruwa sun taru a cikin murfin, kar ki zubar, ki karkata murfin su koma tukunya, akwai man a jikinsu. Sai ki tace, ki barshi ya huce, ki sa a firij.

In koren shayi zaki yi amfani dashi shi yafi rashin son zafi, digiri 70 zuwa 80 ya ishe shi, wato bayan kin sauke ruwan ki jira kamar minti 5, kuma minti 2 zuwa 3 kawai zai yi a ciki. In kuma zallar na'a-na'a kike so ba ganyen shayi, sai ki ƙara yawan ganyen ki bashi minti 10 a rufe, zai fito ruwan ɗorawa mai haske, kar ki ga bai yi duhu ba kice bai yi ba, kalarsa kenan.

Abu ɗaya kuma, kar ki daka ta kar ki niƙa ta a bilenda. Ganyen in ya farfashe iska ta shige shi baƙi yake yi, irin yadda tuffa ke canja kala in an yanka an ajiye, ga ɗanɗanon ɗanyen ganye da zai shiga shayin. Lokacin da zaki kai masa ki tsinko reshe ɗaya sabo, ki ɗora a tafin hannu ki tafa sau ɗaya, ki soka a bakin kofin, hancinsa zai fara cin karo da ƙamshin tun kafin ya kurɓa. Ki gwada ki rubuto min.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Nawa ɗanɗanon lafiya lau amma da na sa a firij sai ya dagule yayi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, har na zubar da jog biyu ina tsoron ko lalacewa yayi.

Amsa: Lafiya lau 'yar uwa. Ayya, da baki zubar ba, lafiyarsa ƙalau. Abinda ke faruwa shine sinadarin kafeyin da tanin ɗin nan da na ambata, in shayi na da zafi kowa a narke yake, amma in sanyi ya bige shi farat ɗaya sai su manne da juna su zama wasu ƙwayoyi ƙanana da ido baya rabewa, sai dai kiga shayin yayi hazo. Yafi faruwa in shayin yayi ƙarfi da yawa, ko in ruwan yankinku mai nauyi ne, irin wanda ke barin farin datti a gindin buta. Maganinsa ki daina ɗaukar shi da zafinsa ki cusa a firij, ki barshi a waje a rufe ya huce tukuna, kamar awa ɗaya. In kuma ya riga ya dagule ki ɗan zuba masa tafasasshen ruwa kaɗan ki juya, sau da yawa a gabanki zai washe. Zallar na'a-na'a bata cika wannan ba tunda babu kafeyin a cikinta ko kaɗan.

Wanda ya lalace daban yake kuma ba ya ɓuya, zaki ji tsami-tsami a hanci, ko kiga yana yauƙi yana zare in kina tsiyayawa, wannan kam zubarwa ake ba a ɗanɗanawa.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne, ba ni da haƙurin jiran abu ya huce, ina gama haɗawa nake juye ƙanƙara a ciki, sai ya koma salam kamar ruwan da aka wanke kofin shayi. Akwai dabara?

Amsa: Akwai ɗana, kuma hanyar taka ba laifi bace, lissafin ne baka yi ba. Ƙanƙara bata sanyaya abu sai ta narke, narkewar ce ke shanye zafin, kuma zafin da take sha ba kaɗan bane, abinda ƙanƙara giram 1 ke buƙata kafin ta zama ruwa ya kai wanda zai ɗaga ruwa giram 1 daga digiri 0 zuwa digiri 80. Ma'ana in ka haɗa shayi mai zafi da ƙanƙara nauyinsu ɗaya, kusan duk ƙanƙarar zata narke, shayin zai yi sanyi ƙarara, amma ruwansa ya ninka biyu. Toh tunda ka san haka sai ka rage ruwan tun farko, kayan lita 1 ka jiƙa su a rabin lita, lokacin jiƙon yana nan yadda yake kar ka ƙara ko minti ɗaya, yawan ganye ke kawo ƙarfi, daɗewa bauri take kawowa. Ka tace akan ƙanƙara rabin kilo ka juya, cikin minti biyu ka gama. Sai dai ka kula da mazubin, gilashi mai sanyi in ruwan zafi ya faɗa masa tsagewa yake, ka haɗa a kwanon ƙarfe ko tukunya sannan ka juye.

Wata dabarar da nafi so, ka zuba ragowar shayin jiya a farantin ƙanƙara ka sa a firiza, ka jefa ɗan ganye ɗaya a kowane gida, gobe ita zaka sa a kofi, tana narkewa shayi take ƙara maka. Kuma dan Allah ruwan da zaka sha shi zaka daskarar, sanyin firiza baya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar dasu kawai yake, da ta narke sun tashi.

Shi wannan zuba shayi akan ƙanƙara ya daɗe, tun wajajen 1870 ana shan sa a Amurka, amma babban baje kolin duniya da aka yi a birnin St. Louis a 1904, cikin tsananin zafi, shi ya ƙara yaɗa shi, sai kuma firij ya shigo gidaje ya zama kowa na iya yi.

Tambaya: Ina zuba sikari bayan yayi sanyi, in ta juyawa har hannuna ya gaji amma yana kwance a ƙasa, sama ba zaƙi ƙasa kamar alewa.

Amsa: Sikari a ruwan sanyi a hankali yake narkewa, dan haka ko dai ki zuba shi tun shayin na da ɗumi bayan kin tace, ko kiyi ruwan sikari ki ajiye. Kofi ɗaya na sikari, kofi ɗaya na ruwa, a wuta kaɗan har ya narke, ki sauke ki zuba na'a-na'a cikin hannu ɗaya ki rufe minti 20 zuwa 30, ki tace a kwalba mai tsabta, yana yin kamar sati biyu a firij. Amfaninsa kowa ya zuba daidai bakinsa, mai ciwon suga a gidan ya sha nasa haka nan.

Amma bari in faɗi wata magana da ke damuna. Abu in yayi sanyi harshe baya jin zaƙinsa sosai, shi yasa zaki ga mutum a shayi mai zafi cokali biyu ya ishe shi amma a mai ƙanƙara sai ya zuba huɗu, kuma mai sanyi ba kofi ɗaya ake sha ba. Cokalin shayi ɗaya na sikari kamar giram 4 ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a shawarar da ta fitar a 2015 tace kar sikarin da babba ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu daga abinci a rana, wato wajen giram 50, cokali 12 kenan, in an iya tsayawa a rabin haka yafi. Kofi uku mai cokali hurhuɗu kin cinye na yini gaba ɗaya a shayi kawai. Abin daɗin shine in kin jiƙa shi daidai baya buƙatar sikari da yawa, yawancin sikarin da muke zubawa ɗacin muke binnewa. Ki fara da cokali 6 a lita ki ji, lemon tsami kaɗan ma yana taimakawa, sai dai ruwansa zaki matsa, in kin bar yankakken lemon da ɓawonsa ya kwana a ciki farin ɓawon zai saki ɗaci. Kar ki tsorata in kinga shayin ya ƙara haske da kin matsa lemon, haka tsami ke wa kalar baƙin shayi.

Tambaya: Malama ina da tambaya biyu. Na farko me yasa na'a-na'a ke sa baki sanyi ko da a shayi mai zafi ne? Na biyu na taɓa shan wani a gidan abokina sanyinsa har hanci, ni kuma nawa ƙamshi kawai yake ba wannan sanyin, ko wani abu suke sawa?

Amsa: Malam ka yi tambaya mai kyau, kuma amsar biyun a haɗe take. A jijiyoyin baki da fata akwai wata 'yar ƙofa da masana suka sa wa suna TRPM8, aikinta ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ji sanyi, da zafin wurin ya sauka ƙasa da digiri 26 ko kusa da haka sai ta buɗe. Toh sinadarin mentol da ke cikin na'a-na'a shima buɗe ta yake, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi saƙon sanyi alhali ko digiri ɗaya bakinka bai sauka ba. Haka barkono yake yi a ɗaya ɓangaren, shi ƙofar zafi yake taɓawa. A 2002 aka gano wannan ƙofar ta sanyi, masana biyu a Amurka kowa da tawagarsa, David Julius da Ardem Patapoutian, kuma a 2021 su biyun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda binciken yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa. Shi yasa in mentol ya haɗu da ƙanƙara sanyin ke zama biyu, ka sha ka ja iska ka ji har maƙogwaro.

Abokinka ba wani abu yake sawa ba, irin ganyen ne ya bambanta. Akwai wadda Turawa ke kira sifiyamint, ganyenta kore shar, mai tsini, manne da kara, ita mentol ɗinta ɗan mitsitsi ne, wani sinadarin daban mai suna kabon ke bata ƙamshi mai taushi da ɗan zaƙi-zaƙi, ita ce mutanen Maroko ke cika butar koren shayinsu da ita. Akwai kuma fefamint, ganyenta yafi duhu, karanta na ɗan yin shuɗi-shuɗi ko ja-ja, ita kusan kashi 40 cikin 100 na manta mentol ne. Ka murza ganye ka ɗora a harshe, in ka ji sanyi ya tsarga fefamint ce. Ni a ganina in da ganyen shayi za a haɗa sifiyamint tafi, bata danne shayin, in kuma zalla ne ana neman wannan sanyin sai fefamint, ka haɗa biyun ma yana daɗi, kashi biyu na farko kashi ɗaya na biyun.

Tambaya: Anti na ga ana cewa ana iya yinsa ba wuta, wasu a firij wasu kuma su shanya kwalbar a rana. Wanne yafi?

Amsa: Na firij, ba ma haɗi. Ki zuba wankakkiyar na'a-na'a da shayin a ruwan sha mai sanyi, ki rufe ki sa a firij awa 8 zuwa 12, in da dare kika haɗa da safe sai tacewa. Ruwan sanyi baya janyo tanin sosai, dan haka zai fito garau, ba bauri, da wani laushi a baki da na wuta baya dashi, wallahi duk wanda na ba irin wannan sai ya tambaya ko na sa sikari. Sai dai tunda ba ruwan zafi da zai taɓa ganyen, wankin nan sai kin ƙara masa kula.

Na rana kuwa bana ba da shawararsa. Kwalba a rana ɗumi take yi, bata kai zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba, su kuma tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa, kinga ɗanyen ganye daga ƙasa a ruwa mai ɗumi na tsawon awanni gida kika gina musu. Kowane iri kika yi, kwalbar gilashi mai murfi tafi, dan shayi na ɗaukar warin abinda ke kusa dashi a firij, ki shanye cikin kwana biyu zuwa uku, kuma ki tabbata kin tsame ganyen kafin ajiya. In babu firij ko wutar bata tsayawa kiyi daidai wanda za a shanye a ranar, mai sikari ma yafi saurin juyawa.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, ga ƙwannafi yana damuna, an ce min na'a-na'a na maganin ciki. In sha? Sannan yarana suna so, ƙaramar wata takwas. Maigida kuma ya ƙi sha wai yaji ance tana rage wa maza ƙarfi.

Amsa: Allah ya raba lafiya ƙanwata. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne na'a-na'a na sassauta naman hanji, shi yasa mai kumburin ciki ko iska ke jin sauƙi in ya sha, amma wannan sassautawar har da bakin tumbi, wurin da ya kamata ya tsuke ya hana ruwan ciki mai tsami hawowa ƙirji, toh mai ƙwannafi tana iya ƙara masa, musamman fefamint. Ke da ƙwannafin ya riga ya kama ki, in kin sha kin ji ya ƙaru ki ajiye ta sai bayan haihuwa, kuma ranar awo ki faɗa wa likita ko ungozoma. Mai ciki da bata da wannan matsalar kofi ɗaya ko biyu na ganyen ba a ganin illa a cikinsa, abinda ake gujewa shine man na'a-na'a na kwalba mai ƙarfi, da wata 'yar uwarta mai ƙananan ganye da ake kira feniroyal, wannan guba ce ga hanta kuma haɗari ce babba ga mai ciki, duk ganyen da baki tabbatar da shi ba kar ki jiƙa.

Ki lura da ganyen shayin ma, kofi ɗaya na baƙin shayi na ɗauke da kafeyin miligiram 40 zuwa 70 gwargwadon girman kofin da daɗewar jiƙo, hukumar lafiya ta Ingila kuma tace mai ciki kar ta wuce 200 a rana. Sannan shayi, har da na zallar na'a-na'a, yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ayan, wato ƙarfen da ke gina jini, daga abinci, ke kuma yanzu jini kike nema, dan haka ki raba shi da lokacin cin abinci da lokacin shan maganin ƙarin jini da kamar awa ɗaya ko biyu.

Manyan yaran ki musu na zalla mara ganyen shayi, sikari kaɗan. 'Yar wata takwas ki barta da nono da abincinta da ruwa, bata buƙatarsa, kuma in da zuma kike haɗawa ko ɗigo kar ya shiga bakinta sai ta cika shekara, zuma na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin jariri baya iya yaƙa.

Maganar maigida kuma ga inda ta samo asali. An yi wasu ƙananan bincike, ɗaya a Turkiyya a 2007 ɗaya a Ingila a 2010, aka ba mata masu yawan fitar gashi a fuska da jiki shayin sifiyamint kofi biyu a rana, aka ga sinadarin maza da yayi musu yawa a jini ya ɗan sauka. Mata aka gwada, masu wata lalura ta daban, kuma 'yan kaɗan ne, daga nan maganar ta bazu aka ƙara mata gishiri. Kofin da zai sha jefi-jefi dan zafi ba abin tada hankali bane, amma in ransa bai kwanta ba kar ki matsa masa, ki masa da lemon tsami da citta.

Tambaya: Hajiya da na siyo na'a-na'a kwana biyu take yin baƙi ta narke a leda, asarar ta ishe ni.

Amsa: Ledar ce ke kashe miki ita, ganyen na numfashi, gumin ya taru ya ruɓar dashi. Da kin dawo ki kwance ɗaurin, ki tsince waɗanda suka fara lalacewa, ki ɗan yanke gindin karan, ki cire ganyen ƙasa, ki tsayar dasu a kofi da ruwa kaɗan kamar yadda ake wa fure, ki ajiye inda rana bata duka, ki dinga canja ruwan duk bayan kwana biyu. Ko ki naɗe ta a tsumma mai ɗan danshi ki sa a aljihun firij na ƙasa, nesa da bangon baya inda sanyi ke ƙona ganye, tana kai sati. Kar ki wanke sai zaki yi amfani da ita.

Waɗanda ke cikin kofin nan ki dinga leƙa su, cikin sati ɗaya zuwa biyu zaki ga fararen saiwoyi sirara sun fito daga gaɓoɓin karan, in sun kai tsawon gaɓar yatsa sai ki dasa, kin huta da siya kenan. Ta haka ake yaɗa ta dama, fefamint ma haɗin iri biyu ce bata cika yin ƙwaya mai tsirowa ba, sai dai reshe. A tukunyar shuka ko tsohon bokiti mai huji zaki sa, kar ki dasa a fili kusa da wasu shuke-shuke, jijiyarta ta ƙarƙashin ƙasa take bi, kafin ki ankara ta mamaye wurin. Tana son ƙasa mai danshi da ranar safe, inuwa da tsakar rana. In zaki tsinka ki yanko daga sama, daidai saman inda ganye biyu suka fito, wurin zai fitar da rassa biyu, kuma da safe kafin rana tayi zafi ganyen yafi ƙamshi. In kinga ta fara fure ki datse kan, in ba haka ba ganyen zai ƙanƙance ƙamshin ya ragu. In ta yi miki yawa ki shanya a inuwa, busasshiyar cokalin shayi ɗaya na tsayawa a madadin cokali uku na ɗanya.